Bugun da Ake Ji ta Bayan Katangarmu

Daga mai kula da zaure: Wannan saƙo ya zo ne daga wani dattijo cikin 'yan zaurenmu, ya roƙi a sakaya sunansa da adireshinsa na imel. Ga shi yadda ya aiko.

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure, na gida da na ƙetare. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau kuma ni ne mai buƙata, don Allah ku ba ni shawara. Sunayen da zan ambata ba na masu su ba ne, na canza su, sauran maganar kuwa yadda take haka zan faɗe ta ko da ba ta yi mini kyau ba.

Ni mutumin Gummi ne, na daɗe da wuce sittin. Tun ina saurayi na bi motocin mahajjata ta gabas, na maƙale a Sudan shekaru kafin in ƙarasa, daga baya na yi fataucin goro tsakanin Kumasi da Sakkwato, na zauna Abijan, na zauna Legas. Yanzu injinan ban-ruwa nake sarowa daga Dubai ina sayar wa manoman fadama, shi ya sa na koyi imel da tsufana. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, Fulatanci kuwa tun na ƙuruciya ne, Yarbanci na kasuwa. Matata ɗaya ce, Hajiya, 'ya'yanmu duk sun yi aure sun watse, daga ni sai ita a gidan. Ita ce ungozomar unguwarmu, ta gaji abin daga innarta, ita ke yanke cibiya ta wanke jariri, kuma da wuya ka nuna matashi a layinmu wanda ba a hannunta ya fara kuka ba.

Ina da ciwon ƙirji. Inna ta ce tun baƙon dauron da na yi ina yaro tari bai taɓa rabuwa da ni sosai ba, kowace damina sai ya motsa, sai dai ƙarfin ƙuruciya ya danne shi. Wajen ƙarshen mulkin soja abin ya canza, kaki ya yi yawa ya yi kauri, da safe sai in kusa cika ƙaramin gwangwani, wani lokaci da ɗan jini, ga zazzaɓi yana zuwa yana komawa, na rame. Aka ɗora ni kan maganin tarin tibi wata da watanni, wanda ke mayar da fitsari ja, ban ga canji ba, alhali duk awon kakin da aka yi ba a ga tibi ba. Na yi awon ɗaya ciwon ma, wanda ake zargin matafiya da shi, a ɓoye a wani gari, babu shi. Sai a wata tafiya Dubai wani likita Basudane ya sa aka tura ni cikin injin hoto, ya zaunar da ni ya yi mini bayani da Larabci kamar ɗan uwansa. Da Turanci sunan ciwon bronkiyektasis. Ya ce hanyoyin iska na cikin huhuna sun buɗe sun saki, ba sa iya turo majina waje, sai ta kwanta a ciki ta ruɓe, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Nan take na gane, don na sha ganin tsohon tiyon ban-ruwa da ya kumbura a tsakiya, ko an kashe inji ruwa na nan kwance a kumburin har ya yi wari. Ya ce ba ya warkewa, kuma ba a ɗaukarsa, ko kwano ɗaya ko moɗa ɗaya, sai dai lallaɓawa har iyakar kwana. In sha ruwa da yawa, in guji hayaƙi kowane iri, in kaki ya koma kore ko zazzaɓi ya zo in nemi likita a ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da jinkiri ba, sannan babban abin, kullum sai an zubar da abin da ya taru.

Wannan zubarwar ita ce tushen maganata. Da na dawo, wata nas 'yar Filato da ke aiki a garinmu a lokacin, Kirista ce, Sista muke ce mata, ita ta zo har gida ta koya wa Hajiya. Mutum zai kwanta kansa ya fi ƙugunsa yin ƙasa, wani ya lanƙwasa tafin hannu kamar zai ɗebi ruwa, ya riƙa buga masa baya da haƙarƙari, ba mari ba ne, ba ya zafi, amma yana da ƙara, sai majinar ta saki ta gangaro a tofar. Ba mu da gadon asibiti mai ɗagawa, sai muka ɗauko wani tsohon ƙyauren katako, muka kifa turmi muka ɗora gefe ɗaya a kai, a ƙarƙashin rumfar tsakar gida don a sami iska. Ina kwanciya a kai ba riga, gwangwani da toka a ƙasan bakina, Hajiya na bugawa. In an gama sai ta kai abin bayan ɗaki ta tona rami ta binne, don Sista ta ce kada a bar wa ƙuda da kaji. Muna yi bayan asuba kafin in ci komai, mu sake yi bayan la'asar. Sista an daɗe da yi mata canjin wurin aiki, ban san inda take ba yanzu.

Na la'asar ɗin yana da dalili. A layinmu muna ciyayya, bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Malam Ɗantani, a haɗa a ci tare, a sha ruwa da moɗa ɗaya. Ɗantani taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, tare aka yi mana kaciya. Duk yawon da na yi, in na tuna gida wannan tabarmar nake tunawa. In Hajiya ta buga mini da la'asar, na tauna kanumfari saboda warin baki, ina iya zama a ci a yi hira a tashi ban yi tarin da zai sa a dube ni ba. Sun san ina ɗan tari, suna cewa sanyin jirgi ne. Ban taɓa gyara musu ba. Dalili kuwa na ga abin da ya sami wani maɗinki da muke ci da shi a da, tari ya kama shi ya rame, ba wanda ya kore shi, sai dai aka fara kawo masa moɗarsa daban, sannan aka riƙa zuba masa nasa a murfi, sannan in ya zauna sai ka ga tabarmar ta yi masa faɗi. Da kansa ya daina fitowa, a zaurensa yake ci shi kaɗai har ya rasu. Kuma shi bai taɓa wuce Gusau ba. Ni da kowa ya san na zauna Abijan da Legas ba iyali, in aka ce ina tofar da jini, kun san sunan da za a ba ciwon.

A haka muka yi shekaru. Maƙwabta na jin ƙarar, amma kowa ya ɗauka wani aikin mata ne, bugun tabarma ko fura. Sai wata safiya bara, Tumba matar Ɗantani ta faɗo gidan da sauri, surukarta na naƙuda, ta yi sallama tana tafe ba ta jira amsa ba, kamar yadda mata ke yi in an zo kiran ungozoma. Ta same ni kwance kan ƙyaure ba riga, kaina a ƙasa, ƙafafuna a sama kan kifaffen turmi, Hajiya tsaye a kaina tana dukan bayana da hannu biyu, ina nishi ina tofarwa cikin toka. Tumba ta tsaya, ni kuma na rasa inda zan sa fuskata, na jawo zane na rufa har kai kamar yaro. Hajiya ta ce mata ta yi gaba ga ta nan, amma don kada ta bar gwangwanin a buɗe sai ta zaga ta binne shi tukuna, Tumba kuwa ba ta yi gaba ba, tana bakin ƙofa tana kallo. Hajiya ta je ta karɓi haihuwar lafiya, namiji. Wannan shi ne jariri na ƙarshe da aka kira ta ta karɓa a unguwarmu.

Ku da kuka tashi a gida kun san abin da mace za ta karanta in ta ga kifaffen turmi, da namiji kwance kansa a ƙasa, da abin da aka karɓa daga bakinsa aka binne. Kafin a yi sunan yaron magana ta gama gari, wai Hajiya ta mallake ni, wai kullum sai ta kifa ni ta daka, wai shi ya sa ban taɓa ƙara aure ba duk da rufin asirin da Allah ya yi mini, wai ramar da nake yi jinina ake sha. Ba wanda ya faɗa mata a fuska. Sai dai aka yi haihuwa a gidan liman aka ɗauko wata tsohuwa daga wata unguwa, aka yi a gidan mai faci aka tafi asibiti, wata yarinya da Hajiya ta miƙa hannu za ta ɗauki ɗanta a gidan biki sai uwar ta ce yana barci, alhali idonsa biyu. Hajiya ce ta ba ni wannan labarin tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago kai ba, ba ta kuma ce in yi wani abu ba.

A wurin ciyayya kuwa abin wasa ya zama. Ɗantani, da yake taubashi ba a hana shi magana, wata rana yana wanke hannu ya ce, "Alhaji, shinkafar gidanka ba ta ƙarewa ne? Mu munka gama bugu tun kaka, ku har yau safe da marece." Wani daga gefe ya ce ai ba shinkafar ake bugu ba, mai gonar ne. Aka yi dariya. Nan ne ya kamata in yi magana, kwano na gabana, kowa na nan, bakina ma ya buɗe. Sai na ji kaina ina cewa shi Ɗantani da ba a bugunsa me ya tara ban da tumbi, aka sake fashewa da dariya, aka ce Alhaji ya rama. Na ci tuwon da Hajiya ta tuƙa, da miyar kifin da ta yi, na tashi. Daga ranar kusan kullum sai an taɓa zancen, ni kuma kullum sai na sami abin ramawa, don bakina bai taɓa rasa amsa ba in dai ba gaskiyar ba ce.

Mun mayar da ƙyauren cikin ɗaki, amma rufin kwano ne, ƙarar ta ma fi fita. Na ce ko mu bar na la'asar, muka gwada, a ranar tari ya turnuƙe ni a tsakiyar ci sai da na tashi na zaga bayan masallaci, muka koma yi.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne farkon daminar nan. Ƙanena Bawa, wanda ke noma da kiwo a Gwashi, labari ya kai masa, ya hau mashin ya zo. Bai gaisa da Hajiya ba sai sama-sama, bai sha ruwan da ta kawo ba. Ya ja ni zaure ya ce dangi sun zauna, ba za su zuba ido ɗan babansu ya ƙare a hannun mace ba, ya fito da gorar rubutu da ƙullin turaren da wani malami ya haɗa na karya sammu, a zuba a garwashi in lulluɓa da bargo in shaƙa. Na ce masa ba haka ba ne, ya ce ai wanda aka yi wa bai taɓa cewa haka ne ba. Na ce ciwo ne, ya ce wane ciwo ne ake maganinsa da turmi, in faɗa masa sunansa. 'Yan uwa, na san sunan da harshe uku, na dube shi, na tuna Bawa ba ya iya riƙe magana ko ta kwana ɗaya, na ga maɗinkin nan a cikin raina zaune a zaurensa, sai na ce to kawo, in dai hankalinku zai kwanta. Garwashin ma Hajiya aka aika wa ta zubo a kasko, ta kawo da hannunta ta ajiye a bakin zaure ta koma.

Likita ya ce in guji hayaƙi, ni kuma na shiga bargo da shi da kaina. Ban jima ba ƙirjina ya kulle, na yaye bargon ina tari kamar raina zai fita, abin da ya taru ya taho gaba ɗaya, kore, mai wari, da zaren jini, a ƙasan zaure a gaban Bawa. Ya ja da baya yana salati, sannan ya matso ya duba da tsinke, ya ce, "Yaya, ka gani da idonka? Wanga shi ne abin da anka ba ka. Allah ya tona." Ba ni da numfashin da zan amsa masa, da numfashin ya dawo kuma ban amsa ba. Kafin ya hau mashin ya tsaya a ƙofar Ɗantani, ya tsaya a bakin masallaci. Abin da a da jita-jitar mata ce yanzu ya sami shaidar namiji, ɗan uwana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya gani da idonsa. Hajiya ce ta share zauren ta zuba toka. Da la'asar ta kifa turmi ta ce in zo in kwanta, don ta ji yadda ƙirjin ke kuka.

Na sha zama ina auna mu da wuraren da na zauna. A Sudan na ga dattawa a wurin mai shayi kowa na fito da ƙwayar maganinsa daga aljihu ana gwadawa, mai sukari da mai hawan jini, ba wanda ke jin an rage masa girma. A Abijan in ka fito da takardar likita mai hatimi gardama ta ƙare ko mutum bai iya karatu ba. A Legas maƙwabcinka in ya ji duka ta bango sai ya ƙara muryar rediyonsa. Babu inda za a kawo maka tuwo don an ga ba ka fito ba kamar garinmu, babu kuma inda na fi jin tsoron a san abin da ke cikin ƙirjina kamar garinmu. Ina gaya wa kaina mutanenmu ne ba za su gane ba, dogon tari a wurinsu suna biyu gare shi, duka biyun kuma ana gudunsu. Amma in zan faɗi gaskiya ban taɓa gwada su ba. Basudanen nan da tiyo kawai na fahimce shi, su kuma duk manoman fadama ne, sun fi ni sanin tiyo.

Akwai kuma wani tsoron da ya fi wannan. In na faɗa yau, Ɗantani zai tambaye ni tun yaushe, in ce shekaru, ya ce kuma duk shekarun nan kana sa hannu a kwanonmu kana sha a moɗarmu ba ka faɗa ba. Zan ce ba a ɗauka, zai ce in ba a ɗauka me ya sa ka ɓoye. Zai kuma tambaye ni, da ake dariyar Hajiya a kan tabarmarsa, ni ina ina.

Bayan zuwan Bawa sai na lura bugun ya canza. Hajiya ta fara naɗe hannayenta da tsohon ɗankwali, tana kuma shimfiɗa mini bargo ninki biyu a baya, don ƙarar ta mutu. Ƙarar ta mutu kuwa, har Ɗantani ya ce maganin Bawa ya ci, an sako Alhaji. Amma bugun da ba ya ƙara ba ya sakin komai, ina tashi daga ƙyauren da nauyin da na kwanta da shi. Na sani, ita ma ta sani, gwangwanin a hannunta yake tana ganin abin da ya fita. Ban ce ta cire ɗankwalin ba, don in na ce ta cire, ita za a sake kira mai dukan miji, kuma don ni ma, Allah ya gafarta mini, na ji daɗin da aka daina yi mini wasan. Kaki ya koma kore sosai, zazzaɓi na zuwa da yamma, sujada ta zama abin fargaba don da na sa goshi a ƙasa abin ke tahowa, na koma sahun baya kusa da ƙofa. Shi ya kawo ni Sakkwato yau wurin likita. Ya saurari ƙirjin ya ɓata fuska, ya rubuta mini allurai, ya tambaye ni ko ana yin bugun kullum yadda ya kamata, na ce ana yi. Ya ce in aka bari yana taruwa haka, kowane zazzaɓi yana cin wani yanki na huhun da ba zai dawo ba, kuma a shekaruna ba kowane ake tashi daga shi ba. Daga wurinsa na zo wannan kafe, shagon intanet, nake rubuto muku.

Abin da ya hana ni barin maganar kamar yadda na saba shi ne abin da Hajiya ta ce jiya da safe. Autar Ɗantani ta zo gida goyon ciki, haihuwarta ta fari, yau ko gobe. Yarinyar nan a hannun Hajiya aka haife ta, a bayanta ta yi rabin ƙuruciyarta, Inna take ce mata. Jiya muna cikin bugun muka jiyo muryar tsohuwar nan ta wata unguwa ta bayan katanga, an kawo ta ta duba cikin. Hannun Hajiya ya tsaya a bayana. Na ɗauka kuka za ta yi, ko ta ce za ta tafi wurin 'yan uwanta a Bukkuyum, wallahi da ta faɗi haka da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce, a hankali, tana gyara ɗaurin ɗankwalin a hannunta:

"Alhaji, ni ban ce ka faɗa musu ba, haihuwa kuma ko babu ni za a yi ta. Abu guda nake son ka gaya mini tun kana iya magana. Ran da ƙirjin nan ya kai ka ƙasa, mi zan ce musu? Bawa ya gani da idonsa, Tumba ta gani da idonta. Sista ta tafi. In kai ma ka tafi, wa ya rage?"

Ta ci gaba da bugawa. Kaina na ƙasa, ban iya ko kallonta ba.

Shekara arba'in da wani abu muna tare, ta jira ni ina Kumasi, ta jira ni ina Abijan, ta riƙe gida da 'ya'ya ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Yau sunanta a garin mai sammu ne, kuma ni kaɗai ne a duniya zan iya wanke ta, kuma sai ina da rai. Na san hukuncin wanda ya ji ana yi wa mumina ƙazafi ya yi shiru, na karanta shi da Larabcinsa, ba sai kun tuna mini ba, ko da yake in kun tuna mini ba zan ji haushi ba.

Abin da nake nema ku taya ni da shi shi ne yadda zan yi. In kira Ɗantani shi kaɗai bayan asuba in ce ya shigo ya tsaya ya gani daga farko har binnewar, ko ma in ce ya lanƙwasa hannu ya buga da kansa? In haka ne, me zan ce masa in ya tambaye ni shekarun da na yi ina ci da su? Ko kuwa tun da a kan tabarma aka yi dariyar, a kan tabarma ya kamata in faɗa, gaban kowa, in nuna musu hoton huhun, wanda zai janye moɗarsa ya janye? Ina tsoron in na bi ta Ɗantani kawai maganar ta tsaya tsakanin maza, alhali a bakin mata ta fara, ni kuma ba ni da hanyar shiga wurin Tumba, Hajiya kuwa ko ta rantse da Alƙur'ani za a ce tsoro ne. Bawa fa, in aika ya zo, ko in hau in same shi a Gwashi gaban dangin da suka zauna a kanta? Likitocin da ke cikin zauren nan, in akwai kalmomin da kuke amfani da su mutumin karkara ya yarda cewa tari mai jini ba dole ne a ɗauke shi ba, ku ara mini. Matan zaure kuma, ku da kuka san abin da ke cikin ran mace irin Hajiya, in na wanke ta a waje, da wane baki zan nemi gafararta a ciki, ko kuwa ita zan fara?

Zan kwana a nan gidan wani abokin ciniki saboda allurar safe, zan leƙo kafen nan kafin in je tasha, abin da na tarar zan karanta duka, mai daɗi da marar daɗi. In motar ba ta ɓata lokaci ba zan isa Gummi wajen la'asar. Na san zan tarar ta kifa turmin, ɗankwalin na rataye a ƙofa, kuma ko in ce ta naɗa ko in ce ta bar shi, ɗaya dai sai na faɗa kafin in kwanta. Don Allah me zan ce mata?